A Ɗiba, Kar a Zuba

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna na Maska,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinka, na zo maka da labarin wani aikina, wanda da kana raye sai ka riƙe haɓa ka ce wannan kuma wane irin shirme ne.

Baba, wata tsohuwar kwamfuta na ajiye a shagona na bayan tasha a Funtuwa, na haɗa ta da batirin sola, ba a kashe ta. A sana'armu saba muke ce mata. A cikinta nake ajiye manhajar da muke rubutawa, mai tura wa manoma saƙo a waya kan lokacin shuka da na sa taki. Duk gyaran da aka taɓa yi mata yana nan a jere da sunan wanda ya yi. Yaro a Danja ko Malumfashi, in dai yana da data, zai kwashi kwafinta da tarihinta kaf, ba mai tambayarsa ɗan wane ne. Amma ba mai iya sa ko harafi a ciki sai ni. Da gangan na saita ta haka, ka kuma san inda na koyo.

Ƙaramin rumbunka na iri nake nufi, na bayan garka. Kafin girbi kana shiga gonar kaura kai kaɗai, ka zaɓi zangarniyoyin da suka yi maka, ka ɗaure su da zaren rama. Da damina ta matso sai mutane su yi ta zuwa, wasu a keke tun daga Dandume, har Fulanin da suka zauna gabas da mu. Ba ka taɓa hana kowa ba. Maganarka ɗaya ce: "A ɗiba, Allah ya sa albarka, amma kar a zuba."

Ka tuna shekarar da ma'aikatan gona suka zo da Landiroba suna raba sabon iri? Ƙaninka, Baffa Isa, ya samu dawa mai kyau, ya cika ƙwarya ya nufo rumbun da murnarsa zai zuba. Ka tare ƙofa. Wayyo Baffa! Damina guda bai ci tuwo a zaurenmu ba, kai kuwa ko gezau.

To, ni ma haka na yi wa jikarka Asma'u, wadda ba ka gani ba. Ta gama karatun kwamfuta a Zariya, kuma wallahi ta fi ni hannu, sai dai ban taɓa faɗa mata ba. Ta gano kuskure a manhajar, ta gyara, ta nemi in buɗe mata ta sa da kanta. Na ce ta turo, ni zan duba in sa. Ta turo, ya yi wata biyu a wurina ina fama da ciwon ido, manoma suna ta karɓar saƙon da bai daidaita ba. Daga nan ta rage kirana. In na kira, gaisuwa kawai, sai ta ce tana da aiki. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Akwai abin da ba ka sani ba, don bayanka ya faru. Da ka rasu, mutane sun ci gaba da zuwa ɗibar iri kamar da. Amma ba wanda ya iya zubawa. Inna ta ce ba za a karya maganarka ba. Baffa Isa, wanda ya fi kowa sanin dawa bayanka, ya ce shi kam ba zai sake kusantar ƙofar da aka tare shi ba. Mu kuma ba ka taɓa nuna mana abin da idonka ke nema a zangarniya ba. Aka yi ta ɗiba har muka share ƙasan rumbun da tsintsiya. Kaurar nan taka ta ɓace, Baba. Na neme ta har kasuwar Dandume, an gauraya ta da wasu, ba ita ba ce.

Ba zarginka nake ba. Ƙaunar irin ce ta sa ka, kuma ni ɗin nan taurin kanka na gada, kowa ya shaida.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira Asma'u shago. Ga mutanen waje sabar tana nan yadda take, su kwasa kawai. Amma na sa mabuɗin Asma'u kusa da nawa a cikin sabar, don ita ma ta iya zubawa. Ta zauna a kujerata ta sa gyaranta, ni ina gefe na harɗe hannuwa don kar su kai kan madannai. Ban duba gyaran ba. Da ta gama ta juyo tana jiran in ce wani abu, sai na ji bakina ya ce ta fi ni iyawa. Ta sunkuyar da kai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Allah ya gafarta maka, ya sa kowace ƙwayar da aka ɗiba a hannunka ta zama nauyi a mizaninka. Allah ya haɗa ku da Baffa Isa a Aljanna, ku ci tuwo akushi ɗaya.

Ɗanka mai kewarka kullum,
Lawal