Wata Huɗun Da Ban Zo Gafasa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Na san ba ki iya karatun boko ba ko da kina raye, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai ke.

Kin tuna lokacin da awakin maƙwabta suka cinye ramar da na shuka a bayan ɗakinki a Gafasa? Ina 'yar shekara tara. Na zo ina kuka, kina kaɗin auduga a tsakar gida. Ba ki ko ajiye mazarin ba, kika ce, "Na ji ɓarnar. To me kika gani za a yi?" Na ce ban sani ba. Kika ce in je in duba in dawo. Na dawo na ce a saro ƙayar magarya a yi shinge. Sai a lokacin kika miƙe, kika ɗauko adda, muka tafi tare.

Haka kika yi ta yi mini har na bar gabanki. Na sha jin haushinki, Inna.

Amma ya yi mini rana. A shekarun fari, ina koyarwa a firamare a Toranke, rijiyoyi suka ja baya. 'Yan matan ajina suka daina zuwa, domin hantsi yana yi musu a bakin rijiya. Hedimasta ya ce zai soke sunayensu. Na kwana biyu ina tunani kafin na same shi. Na ce ya bar su su riƙa zuwa bayan azahar, ni zan zauna da su a gindin tsamiya. Ya dube ni ya ce, "Malama, kowa kuka yake kawo mini, ke kaɗai kike haɗowa da dabara." Da yawansu sun gama makaranta.

Sai Malam, maigidana, ya kwanta da tari. Muka kai shi asibiti a Gaya, muka dawo, muka sake komawa. An yi maganin Bature, an yi na gida, kullum sai ramewa yake. Wata huɗu ina jinyarsa ni kaɗai. Gafasa ba nisa, ranar kasuwa ma akwai masu zuwa, amma ban aiko miki ba. Duk sanda na ɗauki mayafi, sai in ji tambayarki a kunnena, in ga ba ni da amsa, in mayar da shi in zauna.

Labarin rasuwarsa kika fara ji. A ƙafa kika zo. Da mata suka ragu, kika matso kusa da ni a kan tabarma, kika ce, "Wata huɗu, Hajara? Me ya hana ki zuwa?" Na ce, "Inna, ban san abin da za a yi ba, shi ya sa." Na zaci faɗa za ki yi. Sai na ga kina share ido da bakin zane. Kika ce, "Laifina ne. Rabin karatun kawai na koya miki. Akwai damuwar da ake kawowa haka nan, a zauna tare."

Kika zauna da ni har na gama takaba. Ke ke dafa mini abinci, ke ke tsefe mini kai. Ba ki tambaye ni komai ba. Da damina ta zagayo, ke ma Allah Ya karɓi abinSa. Ban samu ko sau ɗaya na zo Gafasa na zube a gabanki yadda kika ce ba.

Yanzu na tsufa. Jikokinki suna Kano, sukan zo jifa-jifa. In sun kawo damuwa, nakan tambaye su abin da suka gani za a yi, amma sai sun ci abinci sun huta tukuna. In sun tafi, gidan yakan yi mini faɗi. Ƙawayena sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, babu sauran wanda ya san ni ina yarinya. Kowa Hajiya yake ce mini, kowa shawara yake nema.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya jiƙan Malam. Ya yafe mini wata huɗun nan da na hana ki. Idan tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya sada ni da ku.

Taki 'yar,
Hajara