Filashi Ɗaya Gare Ni, Abar Ƙaunata

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata, wadda murmushinta ke sa in manta inda na ajiye makullina,

Gaisuwa mai yawa. Ina roƙonki ki karanta wannan takarda a zaune, nesa da duk abin da ake iya jifa da shi, domin maganar ta shafi kwamfutarki da kundin digirinki da za ki miƙa ranar Litinin.

Kin tuna ranar da muke kan bencin ƙofar gidanku, kina son ki nuna mini babi na huɗu, kwamfutar ta ce sai ta gama sabunta kanta? Minti arba'in muna kallon wani ɗigo yana zagaye, ƙafata ta yi sanyi, ke kuwa ko tsaki naki daɗin ji gare shi. A ranar na rantse sai na 'yanta ki. Na ce akwai wata babbar manhaja ta kyauta, wadda mutanen kirki suka haɗu suka gina, kowa na iya leƙa cikinta, ba ta nauyi, ba ta leƙen asirin kowa. Sati uku ina yi miki wa'azinta, har yayanki mai gyaran waya ya fara canza hanya in ya hango ni. Abin da ban faɗa miki ba shi ne ban taɓa saka ta ba. Bidiyo shida na kalla, na ɗauki kaina gwani.

Da kika miƙo mini kwamfutar, wallahi da ladabi na karɓa. Na goge allon da gefen rigata. Na tanadi caji, na rubuta matakai a bayan kalanda. Masana sun ce kafin komai a kwashe kaya a adana, domin sabuwar manhaja share ɗaki take yi kafin ta shiga. Na kwashe babi biyar ɗinki da sauran shafukan kundin, kowanne da fayil ɗinsa, na zuba a filashi. Kuma saboda ni mutum ne mai tsafta, ban bar kwafi a baya ba, har kwandon sharar kwamfutar na zubar. Wane masoyi ne zai bar tarkace a ɗakin masoyiyarsa?

Mataki na gaba ya ce a ɗora sabuwar manhajar a kan filashi. Hasken rayuwata, filashi ɗaya gare ni. Wani ɗan akwati ya fito da jan rubutu yana tambaya ko na tabbata. Yaushe rabon da wani ɗan Adam ya karanta irin wannan akwati? Fuskarki nake gani a lokacin, da yadda za ki ce kai ne gwanina. Na danna eh. Ya sake tambaya, na ji haushin rainin, na sake dannawa.

Kaico! Manhajar ta share filashin ta zauna daram, babi biyar sun tafi. Ko fara saka ta a kwamfutar ban yi ba.

Na je shagon yayanki da kaina, na tsaya kamar kazar da ruwa ya daka. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi sauƙi. Yini guda ya yi yana tono, fayil ɗaya tal ya fito, shafin sadaukarwa. Ya juyo mini allon, ya fita waje. A nan na ga kin sadaukar da aikin shekara biyu ga iyayenki, sannan gare ni, wanda kika ce kin amince masa da duk abin da kika mallaka. Ban san kin rubuta haka ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ina tsoron rasa ki.

Ga alkawarina. Zan je wurin malamin da ke duba aikinki in roƙi tsofaffin takardun da ya yi wa gyara da jan biro, in zauna in buga su kalma kalma da yatsuna biyu har Litinin. Shafin can kaɗai ba zan taɓa ba. Ke za ki ce ko sunana ya zauna ko a cire.

Naki har ƙarshen numfashi, ko da sunan ko babu,
Gwaninki na da