Ɗakin da Na Shafe da Nono

Kebbe, 14 ga Nuwamba, 1960

Zuwa ga sanyin idona, Mu'minatu ɗiyar Bube, hasken hantsi bisa ruwan fadama, inuwar tsamiya ranar kasuwa, wadda in ta yi murmushi nika manta da gajiyar aji. Gaisuwa mai yawa, da begen da ya cika mini ƙirji har ya rasa wurin zama. Na san Hauwa'u ce za ta karanta miki wagga takarda. Hauwa'u, don Allah ki karanta duka, in dariya ta kama ki ki danne ta sai kin kai ƙarshe.

Ya farin cikina, kin tuna ranar da kinka zo daga ruggarku ta Fakku, ke da kakarki Inno da Goggo Tambaya, don ku ga ɗakin da za ki tare? Kin tsaya bakin ƙofa da ƙwaryar nono a ka, kin leƙa, kin ce a hankali ba ki ganin tafin hannunki. Wallahi gaskiya kinka faɗi. Baturen nan mai awon hanya da ya fara zama ciki ya lulluɓe bangon da katako, anka shafe shi da baƙin mai don gara, ya zama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Inno ta tofar da yawu, ta ce ita ba ta sa jikarta cikin rami. In ta komo ta iske ɗakin haka, za ki bi shanu kudu, tarewa sai damina ta dawo. Ga shi Jumma'a za ta zo dubawa, Lahadi shanunku su tashi. Wata bakwai, Mu'minatu! An ɗaura mana aure, in zauna wata bakwai ina kallon katako?

To, ji abin kunyar da na aikata. Na kwaɓa farar ƙasa da ruwa na shafa, ta zame ta bar katakon kamar ban taɓa shi ba. Na kai kuka wurin Goggo Tambaya, ta ce ai abin da sauƙi, in kwaɓa da nono yadda kuke yi wa ƙoren jere, zai kama ya yi fari fat. Ni kuwa, malamin makaranta guda, mai tsayawa gaban allo ina koya wa yara tsabta, na ce madalla! Ƙwarya biyu na kindirmo na zuba, na bi bango fuɗu da tsumma. Ya yi fari kuwa, har na tsaya tsakar ɗaki ina washe baki ni kaɗai. Na ja ƙofa na garƙame don kada ƙura ta ɓata mini aiki, na hau keke sai Tambuwal, in gaya wa Umma ɗakin amarya ya haɗu. Kwana uku na yi can.

Tir! Tir da abin da na isko! Tun daga bakin zaure wari ya tare ni, maƙwabta suna ta leƙen rijiya, sun zaci akuya ta mutu ciki. Da na buɗe ƙofa ƙudaje sunka taso mini a fuska, manya, masu koren baya. Bangon da na bari fari ya yi furfurar ruɓa, baƙin mai ya tsattsafo ta ƙarƙashi yana gangarowa rawaya-rawaya. Kyankyasai, waɗanda ban san ina kwana da su ba, sun fito daga bayan katako garke guda suna lasar bango, ko gudu ba su yi ba da sunka gan ni. Cikin tsagar katako kuwa tsutsa ce fara tana motsi. A'uzubillahi! Na fita da gudu na amayar da furar da na sha a hanya. Nan ne zan kawo ki? Ke da ƙamshin ciyawar safe ke bin zanenki? Na ji ƙyamar ɗakin, na ji ƙyamar hannuna, na fi jin ƙyamar wautata.

Kada ki ga laifin Goggo. Ku in kun shafe ƙwarya rana kuke ba ta, ni kuwa na kulle tawa cikin duhu da zafi. Har yau in na ga mai tallan nono sai in sake hanya, ni da na auri ɗiyar masu shanu. Ina zan sa kaina?

Amma ban zauna ba, ya abar ƙaunata. Ɗangiwa kafinta ya zo da rawani naɗe a hanci, ya zage ni son ransa, sannan ya koya mini aiki. Kwana fuɗu muna kankara da wuƙa, muna dirza da yashi, muna wankewa da ruwan toka, har fatar yatsuna ta saɓule. Hedimasta ya ji tausayina, ya ba ni ragowar farin fentin da munka shafa wa duwatsun makaranta da sandar tuta don bikin samun mulkin kai. Shafi biyu munka yi, ya kama, yana ƙyalli. Sai dai bango uku ya isa, ya ƙare.

Na fuɗun, na gabas, shi ya fi ruɓa. Ɗangiwa ya ce babu abin yi sai a ɓamɓare. Ya sa ƙarfe ya tayar da katako uku, kashin ɓera da ƙwan kyankyaso sunka zubo mana a ƙafa, na kau da kai ina tofi. Da na waiwayo sai na ga rana kwance a ƙasan ɗakin. Ashe taga ce a wurin, babba, anka toshe ta tun shekaru! Haske ya bugi bangon nan uku, ɗakin ya washe, na duba tafin hannuna na ga kowane zane nasa. Na tuna maganarki, hawaye ya zo mini gaban kafinta.

Ba zan yi miki ƙarya ba, warin bai gama fita ba. Na ƙona turaren wuta har ya ƙare, amma in rana ta take sai ya ɗan taso, kuma kin san hancin Inno. Ina roƙonki, ya muradin raina, ki lallashe ta ta zo da hantsi, lokacin da rana ke shigowa da iska. Ki gaya mata wautar da na yi da bakinki kafin ta ji a kasuwa. Ki ce mata mutumin da ya kwashe tsutsa da hannunsa saboda jikarta ba zai bar ta cikin duhu ba.

Abu ɗaya ya rage in gaya miki. Tagar nan tana kallon burtalin da shanunku ke bi zuwa kudu. Ran Lahadi ina nan tsaye bakinta. Ko kina gefena muna ɗaga wa su Baffanki masu korar shanu hannu, ko in hango ki cikin ayari da ƙwarya a ka kina nisa. In na biyun Allah ya ƙaddara, ki waiwayo sau ɗaya. Ba zan sa mata marufi ba, sanyi ko ruwa, sai ran da kinka komo ta wannan hanya.

Naki, wanda ba shi da wata sai ke, yau da gobe har a rufe shi da ƙasa,

Abdulwahabu