Layar da Hadiyya ta tafi da ita Runka

Batsari, Jihar Katsina.

Yaya Tayyib,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Mahfuza da yara, da ruwan Fatakwal da ba ya hutawa. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, ko da yake ta ce ba maganin asibiti ba ne, man shanu ne ya yi aikin.

Tsofaffin kwamfutocin da ka aiko sun yi amfani. Na sa musu Linux kamar yadda ka ce, tunda kyauta ce, kuma ba ta ɓoye cikinta ga mai son leƙawa. Asabar da Lahadi nakan tara yara a zaure, 'yan shekara goma zuwa sha biyu. Yawancinsu wasa da zane suka kawo su, ban ga laifinsu ba. Amma Hadiyya, ɗiyar Kawu Labaran da suka gudo daga Runka bara, baƙin allon nan da ake rubuta umarni ta maƙale wa. Ta tambaye ni inda rubutu yake kwana idan an kashe na'ura, sai na kwance guda na nuna mata. Daga baya ta goge tsarin Linux ɗin kakaf da gangan, don ta ga ko za ta iya mayar da shi, kuma ta mayar. Na yi mata faɗa saboda idon sauran, amma raina fes.

Da ruwa ya sauka, Kawu ya ce gona ba ta jiran zaman lafiya, za su koma. Na ce ta tafi da kwamfuta ɗaya, ya ƙi. Ya ce idan mutanen daji suka tare mota suka gan ta da ita, ɗiyar mai kuɗi za su ɗauke ta. Sai na zuba mata tsarin da duk ayyukanta a filashi, na ce a adana shi da kyau, karatunta ne a ciki. Kakarta, Goggo Hansai, tana jin an ce karatu, ranar kasuwa ta kai wa baduku, ya ɗinke shi ruf cikin jar fata. Da shi a wuya Hadiyya ta zo sallama. Goggo ta gargaɗe ni cewa ba a farke irin wannan, albarkar zubewa take yi. Yarinyar ta dube ni, ta ce a hankali kada in damu, ai ko ba a ɗinke ba, babu inda za ta soka shi a Runka.

Yaya, kada ka aiko wata na'ura, ba ita muka rasa ba. Kawu yana jin maganarka fiye da tawa, ni digirina bai wuce zaure ba. Ka kira shi, ka roƙe shi ya bar min ita bayan girbi. In ta daɗe a can, tambayoyin nan za su daina zuwa mata.

Ka gaida Anti Mahfuza, da Zuwaira da Umar Faruk. Inna tana sa muku albarka. Kujerar Hadiyya tana nan, ban bari kowa ya zauna ba.

Ƙanwarka,
Surayya