Ƙusoshin Garayar Baba

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya iyali, yaya zaman Ikko, yaya ƙafar Yaya Balki? Mu nan Tsamaye lafiya lau, gero ya yi kyau bana.

Tun da idanun Baba sunka mutu bai cika magana ba. Makon jiya ya ce in sauko mai da garayarsa ta farauta. Fatar ta yage, ƙusoshin da sunka riƙe ta kuma sun yi tsatsa cikin itacen. Na kai wa Kawu Ɗanladi maƙeri a kasuwar Isa. Ya ce, “Ɗiyata, in munka fizga, itacen za shi tsage, kuma babu mai sassaƙa irinsa yanzu.”

Sai ya ɗiga man gyaɗa a gindin kowace ƙusa, ya ɗora mata ƙarfe mai zafi, ya kama kanta da awartaki yana murɗawa sannu sannu. Ɗaya ta ƙi, kanta ya karye. Ya yi ta ƙwaƙular gefenta da basilla har ya sami wurin kamawa, ta fito, itacen lafiya.

Da na kawo ta da sabuwar fata, Baba ya shafa ta, ya kaɗa, ya ce, “Wanga kiɗi Sanusi ka so yana ƙarami. Yaushe za shi zo?” Na ce za ni tambaye ka. Ga shi na tambaya, Yaya.

Ka riƙa yi mai addu'a. A gaishe min da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza