Maɓallin Kaka Ranald

Cape Breton, Mayu 1984

Zuwa ga ƙanwata Dolena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki na Toronto da kike koya wa tarihin kowa ban da na gidanku. Mu nan lafiya lau, in ban da Baba.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Likita ya ce huhu ne, kuma da wuya Baba ya ga ƙanƙarar bana. Ya ji da kunnensa, ya gyaɗa kai, ya ce in kai shi wurin Hughie mai sassaƙa dutsen kabari. Muna isa ya kwance hankici ya fito da maɓallin nan na azurfa mai kan barewa, wanda aka cika mana kunne da labarinsa tun muna yara: wai kakan kakanmu Ranald ɗan autan Babban Gida ne a tsibirinsu na Scotland, aka kore shi, ya haye teku ba shi da komai sai tambarin gidansu. Baba ya ce wannan tambarin yake so a kan dutsensa, kusa da na Mama.

Hughie ya juya maɓallin ya ce, "Lauchie, ai wannan kan tambarin ne kawai. Ina garkuwar da ke ƙarƙashinsa? Ni ba na sassaƙa rabin abu."

Baba ya ce, "Dolena za ta samo. In ba haka ba me ya sa na kai ta makaranta?"

To kin ji aikinki. In an ba ku hutu ki haye teku zuwa Scotland ki samo masa cikakken zanen. Ni ba zan iya barin tarkunan ƙaguwa a ruwa ba, kuma ko na je ban san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Ga maɓallin cikin wannan ƙunshi. Shekara saba'in bai taɓa rabuwa da shi ba, har yau yana ta laluben aljihu.

Yayanki,
Murdock

Edinburgh, Yuli

Yaya Murdock,

Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Baba da jiki. Wannan takarda taka ce kai kaɗai, kada ka karanta masa.

Na sami ofishin da ke kula da tambarin gidaje. Wani dattijo mai kirki ya karɓe ni, ya saurari labarin Kaka Ranald tun daga farko bai katse ni ba. Ya fara da gaya mini cewa a ƙasar nan tambari ba na dangi ba ne, na mutum ɗaya ne, sai in ya mutu magajinsa ya ɗauka. Na ce to ai mu jinin gidan ne. Ya ɗauki maɓallin ya duba gaba, ya duba baya. Sannan ya tambaye ni ko zan sha shayi. Tun daga nan na san labarin ba mai daɗi ba ne.

Ya ce kan barewar na Babban Gidan tsibirin ne, babu shakka. Amma 'ya'yan gida ba sa saka irin wannan. Su a zobe suke ɗauke da tambarinsu. Maɓalli irin namu ana ɗinka shi ne a rigar barori, masu kula da doki da masu tsaron ƙofa, don duk wanda ya gan su ya san na wane ne. Kuma ba azurfa ba ce, Yaya. Tagulla ce aka shafa mata ruwan azurfa.

Na fito na zauna a kan matakala na yi kuka, mutane na ratse ni. Ba don kaina ba. Na tuna ranar da mai sayen kifi ya ci mutuncin Baba a bakin ruwa a gabanmu, ya dawo gida ya zauna yana murza maɓallin nan har ya huce.

Zan tafi tsibirin, ko akwai abin da dattijon bai sani ba.

Taka,
Dolena

Cape Breton, Yuli

Dolena,

Gaisuwa. Takardarki ta iso. Na karanta ta a cikin kwalekwale, na ninke na saka a akwatin ƙugiya.

Ki saurare ni da kyau, don na san halinki. Tun kina ƙarama ba kya iya ganin abu a karkace ki wuce. Wannan karon ki wuce. Mutumin nan bai taɓa mallakar komai ba sai kwalekwale da gida mai yoyo da wannan labari. Yanzu ko matakalar coci ba ya iya hawa. Kullum na dawo daga ruwa tambayarsa ɗaya, "Yarinyar ta samo?" Jiya ya ce wa Fada, limamin cocinmu, "Za ka binne ɗan manya, ka gyara murya." Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Tunda dattijon naki ya san gidan, ya san garkuwar. Ki sa a zana miki ita da launinta, ki haɗo da takarda mai daɗi wadda zan karanta wa Baba. Hughie zai sassaƙa. Wa zai zo maƙabartarmu daga Edinburgh ya yi bincike? Mutanen Babban Gida sun ci guminmu, in mun ci barewarsu ɗaya ba su yi asara ba.

Ba tarihi nake roƙonki ba, malama. Wata biyu na kwanciyar hankali nake roƙa wa tsohonmu.

Murdock

Daga tsibirin, Agusta

Yayana,

Ina gaishe ka, kuma na ji faɗanka. Zanen garkuwar yana cikin jakata, na sa an yi. Na zauna sau uku zan rubuta takardar da ka ce, alƙalami ya ƙi tafiya. Bari in gaya maka abin da na gani, sannan ka zage ni.

Babban Gida ya rushe, tumaki ke kwana a ciki. An haɗa ni da wata tsohuwa, Peigi, wadda aka ce babu gidan da ba ta san asalinsa ba. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ambaci sunan gidanmu ta ce, "Wannan haɓar ta MacVarish ce. Zauna, 'yar nan, kin makara ƙwarai." Da na nuna mata maɓallin sai ta miƙa hannu ta sauko da gwangwanin alewa. Yaya, irinsa ne cike a ciki. Garma ce ke tono su a gona, jikokinta na wasa da su.

Ta ce mutanenmu ba masu kula da doki ba ne. Matuƙan kwalekwalen mai gidan ne, uba ya mutu ɗa ya karɓi filafili. A shekarar da mai gidan ya ga tumaki sun fi mutane riba, ya kawo jirgin ruwan da zai kwashe mutane zuwa ƙetaren teku ya tsaya a nesa, ya sa aka fitar da mutanen ƙauye daga gidajensu. Matuƙansa ne aka sa su yi jigilar su zuwa jirgin, cikin rigarsu mai maɓallai. Maƙwabtansu ne, da surukansu, da waɗanda suka yi wasan ƙasa tare. Suka wuni suna kaiwa suna dawowa.

Peigi ta ce a sahun ƙarshe kwalekwalen ya dawo da matuƙa uku maimakon huɗu, da riga ɗaya a ninke a kan benci. Na huɗun ya tuɓe ta, ya bi mutanen ya hau jirgi da 'yar shara a cikin wannan sanyi.

Na ce, "Ranald ne?"

Ta ce, "Kakata ba ta faɗi suna ba, ni kuma ba zan ƙara mata ba. MacVarish ne dai, duk huɗun MacVarish ne."

Don haka ba zan rantse maka ba. Na dai san Ranald ya sauka a ƙasarmu a shekarar, da maɓalli ɗaya ba riga. Ko ya tsinke shi don tunawa ne, ko don kada ya manta da kunyar wunin, ban sani ba.

Na haɗo maka zanen tare da wannan takarda. Kai ke zaune da shi, kai ke jin tarinsa, ni ina nesa ina wa'azi. Duk wanda ka zaɓa ka ba shi, ba zan taɓa ce maka don me ba.

Ƙanwarka,
Dolena

Cape Breton, Agusta

Dolena,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake, kuma ban san da wa ba.

Na kai masa zanen. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce ya yi kyau. Sannan ya ce, "Karanta mini abin da ta rubuto." Na buɗe takardarki na fara ƙago magana, wai Peigi ta tabbatar, wai an karɓe ki kamar 'yar gida. Ya bar ni na kai ƙarshe, sai ya ce, "Murdock, takardar shafi uku ce, kai kuma ka gama a numfashi biyu. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sauri kake yi. Koma farko."

Na koma farko. Na ɗauko har ta Edinburgh daga akwatin ƙugiya, tana ƙarnin kifi.

Na karanta masa su duka har ƙarshe. Ya juya fuskarsa bango. Tun ranar ba ya magana sai ruwa da magani. Da safe yana sa ni in zaunar da shi bakin taga, ya yi ta kallon gorunan da muke yi wa tarkunanmu alama da su a kan ruwa, jajaye masu farin zobe, kamar bai taɓa ganinsu ba. Hughie ya aiko yana tambaya, na ce ya dakata.

In mun kashe masa zuciya kafin lokacinsa, ni da ke ne.

Murdock

Cape Breton, Satumba

'Yata Dolena,

Ina gaishe ki. Murdock ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce masa ya bi a hankali.

Kin yi aikin da na aike ki. Na yi fushi, na gama.

Akwai abin da ku biyun ba ku sani ba. Labarin nan bai taɓa yi mini daɗi kamar yadda kuke zato ba. Duk ranar da na ja tarko hannuna na daskarewa, nakan ce wa kaina, Lauchie, jikan Babban Gida, dubi inda ka kawo su. Ina ganin ni ne ƙarshen faɗuwar. Ashe ban faɗo daga ko'ina ba. Matuƙi ne ya haifi matuƙi har aka zo kaina, kuma ni kwalekwalen da na tuƙa nawa ne, ban taɓa ɗaukar kowa zuwa inda ba ya so ba.

Kin ce tambari na mutum ɗaya ne, in ya mutu magajinsa ya ɗauka. To ina da shi. Duk gaɓar nan babu wanda zai ga gora ja mai farin zobe bai san tarkon wa ke ƙarƙashi ba. Ita na ce Hughie ya sassaƙa. Ya ce dutse ba ya nuna launi. Murdock ya ce duk shekara in ya yi wa gorunan fenti zai rage kaɗan ya zo ya shafa mini.

Ki taho da maɓallin, aljihuna ya saba da shi. Kada ki tsaya a Toronto.

Babanki,
Lauchie MacVarish