Hoton Ƙanwarka a Gaban 'Yan Majalisa

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ya jikin babanka? Ni lafiya lau. Tsohuwar da nake jinya a nan ba ta da rigima, ƙafata ce kawai ke ɗan kumbura.

Jiya abokiyar aikina ta miƙo min waya. Na gan ka gaban 'yan majalisa, ƙungiyarku tana roƙon a kafa dokar gwajin sikila ga jarirai. Allah ya yi albarka. Amma a bayanka an kafa hoton marigayiya ƙanwarka a gadon asibiti, kanta ba ɗankwali, wani ɗan majalisa yana ta latsa wayarsa. Yarinyar da ko likita ba ya shiga sai ta rufe kanta. Tarbiyyar da na ba ka ke nan? Ni da ban samu zuwa jana'izarta ba, a wayar mutane zan ga kwanciyarta ta ƙarshe?

Ban ce ka bar aikin ba. Ka sauke hoton nan. A akwatina da na bari a gida akwai na ranar da ta gama makaranta, tana dariya. Shi za ka kai musu, su ga abin da muka rasa.

Mahaifiyarka.